Biliyan 8 a doron ƙasa: riba muke ci ko uwar kuɗi?

A ranar 15 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa yawan mutanen duniya ya cika biliyan 8. Adadin kaɗai ba ya girgiza mutum sai ya waiwayi yadda aka zo nan. Tun daga farkon zaman ɗan Adam a doron ƙasa, sai wajen shekarar 1804 mutane suka kai biliyan 1. Biliyan na biyu ya cika a 1927, bayan shekara 123. Daga nan abin ya ɗauki gudu: na uku a 1960, na huɗu a 1974, na biyar a 1987, na shida a 1999, na bakwai a 2011. Dattijon da aka haifa a 1950, lokacin da duniya ke ɗauke da mutum biliyan 2.5, da idonsa ya ga jama'a ta ninka sau uku har da ɗoriya. Babu wani ƙarni a tarihi da ya taɓa ganin irin haka.

Ya kamata a fara faɗin cewa tushen wannan yawa alheri ne. Mutuwa ce ta ragu. A 1950 fiye da yaro ɗaya cikin biyar ba ya kai shekara biyar a raye. Yau ba su kai huɗu cikin ɗari ba. Rigakafi, tsaftataccen ruwan sha, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da wadatar hatsi su suka tsawaita rayuwar ɗan Adam daga shekara arba'in da 'yan kai zuwa sama da saba'in. Duk uwar da ta haifi 'ya'yanta ta ga sun girma gaba ɗaya ba ta binne ko ɗaya ba, tana cikin wannan lissafi. Shi ya sa nake jin nauyin maganar, kuma shi ya sa ba na yarda da masu kallon jarirai kamar annoba. Amma alheri ma yana da nauyi, kuma wani abu ne ke ɗaukar nauyin.

Masu ganin babu matsala suna da hujja mai ƙarfi. Sukan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma duk bakin da ya zo duniya da hannu biyu ya zo. Sukan tuna cewa a 1798 wani malamin coci a Ingila, Thomas Malthus, ya yi hasashen cewa yawan mutane zai riƙa tsere wa abinci har yunwa ta dawo da shi daidai. Hasashen bai tabbata ba. Mutane sun ninka sau takwas, kuma yau ana noma abincin da ya fi na kowane zamani ga kowane mutum. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda aka yi hakan, da kuma abin da aka biya.

Abu biyu ne suka ƙaryata Malthus. A 1909 Fritz Haber a Jamus ya gano hanyar ciro sinadarin naitirojin daga iska, Carl Bosch kuma ya mayar da ita aikin masana'anta a 1913. Daga nan takin zamani ya samo asali, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen da ke raye yau da abincin da wannan taki ya noma suke rayuwa. Na biyu shi ne ingantaccen iri. Norman Borlaug ya samar da gajeriyar alkama mai yawan yabanya a Meziko, aka kai ta Indiya da Fakistan a shekarun 1960, ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Sai dai wannan iri ba ya yin abin kirki sai an ba shi taki da ruwa mai yawa. Takin da iskar gas ake yin sa. Ruwan kuwa, mafi yawansa daga ƙarƙashin ƙasa aka riƙa zuƙo shi.

A nan ne nake ganin zuciyar lamarin take. Duk ɗan kasuwa ya san bambancin cin riba da cin uwar kuɗi. Mai cin uwa, a ido ba a bambanta shi da mai arziki: shagonsa a buɗe, gidansa ana dafawa, har ranar da zai je saro kaya ya tarar babu abin sarowa. Ruwan sama da ke sauka kowace shekara, ciyawar da ke sake tsirowa, kifin da ke hayayyafa, waɗannan riba ce. Ruwan da ya taru a ƙarƙashin ƙasa cikin dubban shekaru, ƙasar noma mai taki da ta ɗauki ƙarnuka tana haɗuwa, tsohon daji, man fetur da kwal, su ne uwar kuɗi. Wani babban kaso na abin da ke riƙe da mutum biliyan 8 daga uwa ake cire shi.

A ruwa abin ya fi fitowa fili. Noma ne ke shan kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna, tafkuna da rijiyoyi. Indiya ce kan gaba a duniya wajen zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma jihar Punjab, wadda ita ce rumbun alkama da shinkafar ƙasar, ta daɗe tana ɗibar fiye da abin da damina ke mayarwa. Yadda abin ke faruwa ga manomi ɗaya ya fi kowane adadi bayani. Rijiyar da mahaifinsa ya haƙa ta daina kawo ruwa, sai ya ƙara mata zurfi. Bayan 'yan shekaru ƙaramin injin ya kasa jawowa, sai ya ci bashi ya sayi babba. Maƙwabcinsa mai hali ya haƙa wadda ta fi tasa zurfi, ruwan ya ƙara nisa. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, kowa gonarsa yake shayarwa, amma a ƙarshe mai ƙaramin ƙarfi shi ne zai fara sayar da gona. Ƙarancin ruwa ba ya zuwa wa kowa rana ɗaya; daga ƙasa yake faro ci.

Birane ma suna zuƙa, har ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta fara zaftarewa. Jakarta ta ƙasar Indonesiya, mai mutum sama da miliyan 10, ta yi girman da bututun ruwan gwamnati bai bi ta ba, don haka gidaje da masana'antu da otal-otal suka koma ga rijiyoyin burtsatse. Da ruwan ya fita, ƙasa ta lotsa. Wasu unguwannin arewacin birnin sun riƙa nutsewa da kusan santimita 25 a shekara. A unguwar Muara Baru akwai wani masallaci da a da ake cika shi da sallah. Yanzu yana tsaye a cikin teku, a bayan katangar da aka gina don tare ruwa, igiyar ruwa na shiga ta ƙofofinsa. Wannan nutsewa na cikin dalilan da suka sa a 2019 gwamnatin Indonesiya ta yanke shawarar mayar da babban birnin ƙasar zuwa tsibirin Borneo. Gwamnati na iya ƙaura da ofisoshinta. Masuncin da ke zaune a gindin katangar ba shi da inda za shi. Birnin Meziko ma haka yake lotsawa. A birnin Chennai na Indiya kuwa, a 2019 manyan madatsun ruwa huɗu da ke shayar da birnin suka kusa ƙafewa ƙaf, har sai da aka riƙa kawo ruwa a jirgin ƙasa, mata na kwana a layi da tulunan roba.

Lissafin Masar ya fi kowanne sauƙin ganewa. Yarjejeniyar da ta ƙulla da Sudan a 1959 ta ba ta kubik mita biliyan 55.5 na ruwan kogin Nilu a shekara. A lokacin mutanenta ba su kai miliyan 30 ba, wato kowa na da kusan kubik mita 2,000. A 2020 sun haura miliyan 100, kogin kuwa bai ƙaru da ɗigo ɗaya ba, rabon kowa ya koma ɗari biyar da 'yan kai. A can sama kuma Habasha, wadda ita ma ta haura miliyan 100 kuma da yawan mutanenta ba su da lantarki, ta fara gina babbar madatsar ruwanta a 2011. Kowace ƙasa tana da gaskiyarta. Zafin da ake ji a tattaunawarsu, zafin raba abu ɗaya ne ga mutanen da suka ninka sau uku ko huɗu.

Sauran halittu ba su da bakin kai ƙara, sai dai a auna su. Kusan rabin ƙasar da za a iya zama a kanta a duniya ta zama gona ko makiyaya. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga 1990 zuwa 2020 an sare daji hekta miliyan 420, akasari don noma. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya auna nauyin dukkan dabbobi masu shayarwa a duniya, ya tarar dabbobin kiwo su ne kashi 60 cikin 100, mutane kashi 36, namun daji kuwa, daga giwa zuwa ɓera har da manyan dabbobin teku, kashi 4 kacal. Na daɗe ina juya wannan adadi a raina. A 2019 kuma wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya ƙiyasta cewa nau'in dabbobi da tsirrai kusan miliyan 1 na fuskantar ƙarewa. Teku ma da ake gani ba ta da iyaka ta nuna tana da ita. Gaɓar Newfoundland a Kanada ta shafe ƙarni kusan biyar tana ciyar da masunta da kifin kod, har manyan jiragen kamun kifi suka share shi. A 1992 gwamnati ta hana kamun, mutum sama da 30,000 suka rasa sana'a, kuma shekaru talatin bayan nan kifin bai koma yadda yake ba. Takin da ya ciyar da mu ma yana da nasa bashin: abin da ruwa ke wankewa daga gonakin Amurka yana bin kogin Mississippi zuwa teku, ya haifar da gansakuka, ita kuma in ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, har a sami yankin dubban murabba'in kilomita da kusan babu abin da ke rayuwa a ƙasansa duk bazara.

To amma wa ya ci? Idan aka tsaya a kan ƙirga kawuna kawai, za a ɗora laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Iskar kabon da ke ɗumama duniya ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau. Ba'amurke ɗaya yana fitar da kusan tan 14 a shekara, alhali a ƙasashe da dama na Afirka kudu da Sahara mutum ɗaya ba ya kai tan 1. Nahiyar Afirka, mai kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya, abin da take fitarwa bai wuce kashi 4 ba. Ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa kashi 10 cikin 100 na masu arzikin duniya su ke da kusan rabin hayaƙin. Haka abin yake a gona: fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙasar noma dabbobi take ciyarwa, kiwo da noman abincinsu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa asararsa ake yi ko a zubar. Tafkin Aral da ke tsakiyar Asiya, wanda a 1960 shi ne na huɗu a girma a duniya, ba cunkoson jama'a ne ya ƙafar da shi ba. Tarayyar Sobiyet ce ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya don noman auduga, har jiragen kamun kifi na garin Moynaq suka wayi gari a kan rairayi suna tsatsa.

Wasu na ɗaukar wannan hujja su ce ashe yawa ba komai ba ne, almubazzarancin masu hali ne kawai. Ni ban kai nan ba. Ɓarna tana fitowa ne idan aka ninka yawan mutane da abin da kowannensu ke ci, kuma ba a iya jefar da ɗaya daga cikin biyun. Talakan da ba ya fitar da hayaƙi yau, ba zaɓinsa ba ne. Yana son lantarki, firji, gidan siminti da abin hawa, kuma haƙƙinsa ne ya samu. Sin ta fitar da ɗaruruwan miliyoyi daga talauci, ta kuma zama ƙasar da ta fi kowace fitar da hayaƙi. Duk wanda ke son a kawar da talauci da gaske, dole ya damu da adadin mutanen da za a wadata. Wadatar da biliyan 8 da wadatar da biliyan 10 ba aiki ɗaya ba ne.

A ɓangaren zamantakewa kuwa, abin da ya fi yawan kansa cutarwa shi ne saurinsa. Ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara tana ninkawa cikin shekara 23 zuwa 24. Ma'anar haka ita ce kafin jaririn yau ya yi aure, sai an ninka azuzuwa, malamai, gadajen asibiti, bututun ruwa, wutar lantarki da guraben aiki, kuma in an yi duk wannan, an tsaya ne a inda ake. Ko gwamnati mai gaskiya da amana za ta sha wuya, balle wadda ba ta da su. Abin da ke biyo baya kowa ya san kamanninsa. Ajin da aka gina wa yara arba'in ya ɗauki ɗari, malami ya daina duba littafin kowa, yaron da ke layin baya ya gama firamare bai iya karanta sunansa ba. Gonar hekta takwas aka raba wa magada huɗu, jikoki suka tashi da rabin hekta, wadda ba ta ciyar da gida, sai matashi ya ɗauki jakarsa ya nufi birni. Tun wajen 2007 mazauna birane suka fi na karkara yawa a duniya, kuma sama da mutum biliyan 1 na zaune a unguwannin da babu magudanar ruwa, babu banɗaki isasshe, babu takardar mallakar fili. A irin wannan cunkoso kwalara da tarin fuka ke samun wurin zama. A Afirka kudu da Sahara sama da kashi 40 cikin 100 na jama'a ba su kai shekara 15 ba, wato kowane mai aiki yana ɗauke da bakuna da yawa, abin da zai ajiye ko ya zuba a karatun kowane yaro ya zama kaɗan. Matasa masu yawa ƙarfi ne babba idan sun sami ilimi da sana'a. Idan ba su samu ba, mai neman sojan haya ko 'yan bangar siyasa ba ya shan wahalar nema.

Akwai kuma wadda ke ɗaukar nauyin a jikinta. Haihuwa kusa da kusa tana ƙara haɗari ga uwa da jariri, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Mata sama da miliyan 200 a ƙasashe masu tasowa suna son jinkirta ciki ko tsayawa, amma ba sa amfani da wata hanyar zamani, wasu don babu, wasu don tsoro, wasu don ba a ba su damar magana ba.

Tsoron yawan jama'a shi ma ya yi tasa ɓarnar, kuma duk mai wannan magana ya wajaba ya riƙe ta a zuciya. A lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977 a Indiya, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawansu bisa tilas, akasarinsu talakawa. Dokar ɗa ɗaya ta Sin, daga 1980 zuwa 2015, ta jawo zubar da ciki na dole da kawar da jarirai mata, har aka kai ana haihuwar maza kusan 118 ga kowane mata 100. Yau ƙasar tana roƙon mutane su haihu, kuma tun 2022 yawanta ke raguwa. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994 ya kawar da kai daga ƙayyade adadi da ƙarfin hukuma, ya mayar da hankali ga lafiyar mata, iliminsu da zaɓinsu, kuma tarihi ya goyi bayansa. Bangladesh ta sauko daga kusan 'ya'ya bakwai ga kowace mace a shekarun 1970 zuwa kusan biyu, ta hanyar ma'aikatan lafiya mata da ke bin gida-gida da kuma sa 'yan mata a makaranta. Iran ta sauko daga sama da shida a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kusan biyu a 2000, da goyon bayan malaman addini da ƙananan asibitocin karkara. Iyaye in sun tabbata 'ya'yansu za su rayu, kuma 'yarsu za ta gama makaranta, da kansu suke rage haihuwa.

Hakan na faruwa kusan ko'ina. Matsakaicin haihuwa a duniya ya sauko daga 'ya'ya biyar ga kowace mace a shekarun 1960 zuwa kusan 2.3, saurin ƙaruwa kuma daga kashi 2 cikin 100 zuwa ƙasa da 1. Koriya ta Kudu ta kai 0.72 a 2023, tana fama da makarantun da babu yara da tsofaffin da babu mai kula da su, wanda shi ma ciwo ne na daban. Duk da haka jimillar za ta ci gaba da hawa, domin waɗanda za su haifi biliyan na tara an riga an haife su, suna makaranta yanzu. Ko kowannensu ya tsaya a 'ya'ya biyu, yawansu kaɗai ya isa ya ƙara adadin. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce za a kai kusan biliyan 10.3 a tsakiyar shekarun 2080 kafin a fara sauka. Saura mutum biliyan biyu ke nan a hanya, mafi yawansu a biranen Afirka da Asiya, kuma za su iske ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi na yau nisa, zafin rana ya fi na yau tsanani, a garuruwan da ko yanzu bututun ruwa bai kai rabin gidajensu ba.